Damisa Kurma a Dilar Gwanjo

Rigar baƙa ce, mai gajeren hannu, ta ɗan koɗe a kafaɗa. Daga dilar gwanjo ta fito a kasuwar Ƙofar Wambai, inda yayana ya tono ta daga ƙarƙashin tsibin riguna da mai kaya ya zube a kan buhu. A ƙirjinta an rubuta kalmomi biyu da haruffa masu tsini, rawaya da ja, kamar da reza aka yanka su: DEF LEPPARD. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma babu abin da ke sa cikina ya ɗuri ruwa a makaranta kamar shifta. Malaminmu na Turanci yakan tsaya a bakin taga ya karanto kalmomi ashirin, mu rubuta, ya bi da jan biro. Kowane zagaye na ja bulala ɗaya ce. Saboda haka idona ya saba da farautar kuskure tun kafin ya saba da karatu don jin daɗi.

Na karanta rubutun rigar a bayyane sau biyu, sai na ji abin da yake nufi. Na ce, “Yaya, wannan rigar jabu ce. Damisa kurma suke son cewa, amma ba haka ake rubuta damisa da Turanci ba, kurman ma sun yar da harafi ɗaya.”

Ya ɗaga rigar ya duba, ya naɗe ta ya sa a hammata. Ya ce, “Masu abin ne suka rubuta abinsu haka. Kai da ka ari harshen jiya, kai za ka gyara musu?”

Ban yarda ba, kuma na daɗe ban yarda ba. A tunanina na wancan lokaci, Bature ba ya kuskuren Turanci, don haka duk inda aka ga kuskure to wani ne ya kwaikwaya bai iya ba. Sai da na girma na soma bibiyar tarihin kiɗan rok da ƙaninsa mai ƙarar tsiya da Turawa ke kira heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi, sannan na gane cewa Yaya ne da gaskiya. Abin da na gani a ƙirjin rigar nan al'ada ce da ta kusa shekara talatin a lokacin, tana da asali, tana da magabata, kuma a wurin magabatan nan kowane harafin da aka yar akwai dalilin yar da shi.

Wannan wasa na ido ne. Mu da muka tashi da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗanƙwairo, sunan makaɗi a baki yake zaune. Ana kiransa a fagen biki, ana faɗinsa a rediyo, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da yadda za a rubuta shi. Amma makaɗan Ingila da Amurka na bayan yaƙin duniya na biyu sun taso ne cikin duniyar fosta da jarida da kwalin faifan garmaho. Yaro zai shiga kanti ya riƙa ɗaga faifai ɗaya bayan ɗaya, ya ga suna kafin ya ji sauti. Wanda sunansa ya tsaya a ido shi za a ɗauka a juya a duba bayansa. Sannan Turanci da kansa ya buɗe musu ƙofa, domin harshe ne da rubutunsa da furucinsa suka daɗe da raba gari. Sauti ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya uku ko huɗu, rubutu ɗaya kuma ana iya furta shi ta hanya biyu. A bokon Hausa da wuya ka yi wannan wasa, don kusan abin da ka faɗa shi kake rubutawa. A Turanci kuwa kana iya sauya harafi sautin bai motsa ba.

Samarin Liverpool ne suka fara nuna amfanin wannan a fili. A 1960, John Lennon da abokinsa Stuart Sutcliffe suna neman suna, kuma suna ƙaunar mawaƙin Amurka Buddy Holly, wanda ƙungiyarsa ke amsa sunan Crickets, wato gyare. Sai suka ce su ma bari su ɗauki sunan ƙwaro. Suka ɗauki beetles, dangin buzuzu, suka cire e ɗaya suka sa a, kalmar beat ta fito a ciki, wadda ke nufin bugun kiɗa. Sun yi ta juya shi cikin watanni, har da ƙara masa Silver a gaba, kafin ya tsaya a Beatles a watan Agusta na shekarar. A kunne babu bambanci ko kaɗan tsakanin ƙwaron da ƙungiyar. A takarda kuwa kalmar ta zama tasu su kaɗai. Shekara huɗu bayan haka wasu samari a Los Angeles suka ɗauki tsuntsaye suka sa musu y, suka zama Byrds, sannan a 1966 talabijin ta ƙirƙiro Monkees. Ko a Najeriya iskar ta kaɗo: akwai Hykkers a Legas a shekarun 1960, akwai Funkees da suka taso a gabas bayan yaƙin basasa kafin su koma Landan.

Amma sunan da ya zama uban gidan al'adar a kiɗa mai nauyi shi ne Led Zeppelin, kuma dalilinsa ya fi na kowa tsabta. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, a 1966 Jimmy Page da Jeff Beck sun yi tunanin haɗa sabuwar ƙungiya da mutum biyu daga The Who, sai ɗaya daga cikinsu, ko Keith Moon mai ganga ko John Entwistle, ya ce abin zai faɗi ƙasa kamar balan-balan ɗin dalma. Turawa na faɗin haka ga abin da ba zai kai labari ba. Da Page ya kafa ƙungiyarsa a Landan a 1968 tare da Robert Plant da John Paul Jones da John Bonham, sai ya tuna da maganar. Aka maye gurbin balan-balan da Zeppelin, irin ƙaton jirgin saman nan na Jamus mai kumburin iskar gas, sunan ya haɗa nauyi da tashi sama wuri ɗaya. Matsalar ita ce kalmar dalma a Turanci, lead, rubutunta ɗaya ne da kalmar jagoranci. Ɗaya ana cewa “led”, ɗaya ana cewa “liid”. Manajansu Peter Grant ya ga cewa mutane za su karanta ta biyun, sai aka cire a. Ka ga ke nan an ɓata rubutu ne don a kare furuci. Da a ce Bahaushe aka ba alli aka ce rubuta abin da ka ji, daidai haka zai rubuta. Wannan ya daɗe yana ba ni sha'awa: yawancin waɗannan “kurakurai” matsawa suke yi zuwa ga sauti, kamar masu su suna gyara wa harshensu abin da ƙamus ya ƙi gyarawa.

Rabin sunan da ba su taɓa ba shi ne ya jawo musu rigima. Faifansu na farko a 1969 ya fito da hoton jirgin Hindenburg yana ci da wuta a Lakehurst ta Amurka, hatsarin 1937 da ya ci rai 36. Wata mata mai suna Eva von Zeppelin, daga zuriyar wanda ya ƙirƙiro jirgin, ta ga hoton ta fusata, ta yi barazanar kai su kotu. Saboda haka a Copenhagen, ranar 28 ga Fabrairun 1970, sai da suka hau dandali da aron suna, The Nobs. A shekarar da ta biyo baya suka fitar da faifansu na huɗu babu suna ko ɗaya a kwalinsa, sai alamomi huɗu a ciki, kowane mutum da tasa.

Akwai wani dalilin da ya fi na Led Zeppelin zurfi, kuma shi ne ya fi taɓa ni, don ya shafi aji da jan biro. Yawancin samarin da suka ƙera wannan kiɗa 'ya'yan ma'aikatan masana'antu ne, daga garuruwan hayaƙi na tsakiyar Ingila da arewacinta. A Ingilar wancan zamani, da ka buɗe baki an san gidan da ka fito, kuma makaranta tana nuna wa ɗan lebura cewa yadda uwarsa ke magana ba daidai ba ne. Ƙungiyar Slade, daga yankin Wolverhampton da Walsall, ta mayar da wannan abin kunya ya zama tuta. Su ba sunansu suka karkatar ba, sunayen waƙoƙinsu suka riƙa rubutawa yadda ake furta su a unguwa. Waƙarsu ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, a 1971, sun ga idan aka rubuta sunanta bisa ƙa'ida zai yi laushi da yawa ga masu kiɗa irin nasu, sai suka rubuta “Coz I Luv You”. Daga nan suka ɗora: “Mama Weer All Crazee Now” a 1972, “Cum On Feel the Noize” a 1973. Sau shida suna hawa matsayi na ɗaya tsakanin 1971 da 1973. Malaman makaranta suka yi ta ƙorafi cewa ana lalata musu yara. Ina fahimtar malaman, domin na san wahalar da ake sha kafin yaro ya riƙe ƙa'idar rubutu. Amma ina kuma fahimtar yaron da ya ga karin harshen gidansu, wanda ake dukansa a kai, an buga shi da manyan haruffa a saman jadawalin ƙasa baki ɗaya.

A Amurka ma akwai sunan da malami ne asalinsa, kai tsaye. A wata makarantar sakandare a Jacksonville ta jihar Florida, a shekarun 1960, akwai malamin motsa jiki mai suna Leonard Skinner. Dokar makarantar ta hana namiji barin gashi ya yi tsawo, shi kuma Skinner ba ya ɗaga ƙafa. Wasu ɗalibai masu kaɗa jita suna tara gashi saboda wasan da suke yi da dare, da safe su shafe shi da mai su kwantar don kada a gane. Wurin da asiri ke tonuwa shi ne bayan wasanni, idan an yi wanka gashi ya sauko. Skinner ya tura wasunsu ofishin shugaban makaranta, cikinsu har da Gary Rossington. Da ƙungiyarsu ta tashi neman suna sai suka ɗauki na malamin, suka kwashe wasulan suka zuba y a gurbinsu: Lynyrd Skynyrd. Rubutun ya yi nisa da furucin har sai da faifansu na farko, a 1973, ya zo da koyar da yadda ake faɗin sunan a matsayin takensa.

Abin da ya biyo baya ya fi farkon labarin daɗi. Skinner ya bar koyarwa ya shiga dillancin gidaje, kuma gaba ba ta ɗore tsakaninsa da yaran ba. Ya taɓa hawa dandali a Jacksonville ya gabatar da su ga jama'a, ya kuma yarda suka sa hoton allon tallar kamfaninsa a cikin kwalin faifansu na 1975, abin da ya sa masoyansu suka yi ta buga masa waya. Shi dai abin da yake faɗa shi ne doka ya bi, ba shi ya kafa ta ba. A ranar 20 ga Oktoban 1977 jirgin da ke ɗauke da ƙungiyar ya faɗi a jihar Mississippi, mawaƙinsu Ronnie Van Zant da Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie suna cikin waɗanda suka mutu. Malamin ya rayu shekara 33 bayan hatsarin. Da ya rasu a 2010, manyan jaridun Amurka sun rubuta ta'aziyyarsa, malamin motsa jiki na wata makaranta, saboda yaran da ya hukunta sun ɗauki sunansa sun karkatar.

Sai damisata. Joe Elliott yana ɗalibi a Sheffield, garin ƙarfe da wuƙaƙe da cokula, yakan zauna yana zana fosta ta ƙungiyoyin da babu su sai a cikin kansa. Ɗaya daga cikin sunayen da ya ƙirƙira shi ne Deaf Leopard, rubuce daidai. A 1977 ya haɗu da wasu samari masu ƙungiya, suka karɓe shi, suka karɓi sunan. A lokacin kiɗan punk ne ke tashe a Ingila, kuma sunan dabba irin wannan ya yi kama da na masu punk, su kuwa ba nan suka dosa ba. Mai gangarsu na farko, Tony Kenning, shi ya kawo shawarar a sauya rubutun. Aka cire a, aka cire o, aka ninka p. Ko sun nufa ko ba su nufa ba, sunan ya fito da kamannin Led Zeppelin, haruffa uku a gaba da p biyu a baya. A wata tsohuwar masana'antar cokali suka riƙa gwaji. Ƙaramin faifansu na farko, wanda ya fito a farkon 1979, da bashin kusan fam 150 daga mahaifin Elliott aka naɗe shi, kuma da hannu aka liƙa kwalayensa a gida. Shekara huɗu bayan haka faifansu Pyromania yana sayuwa miliyoyi a Amurka. A daren ƙarshe na 1984 mai gangarsu Rick Allen ya yi hatsarin mota ya rasa hannun hagu, amma ba su sallame shi ba. Suka jira shi ya koyi buga da ƙafa abin da hannun ke bugawa, suka dawo da Hysteria a 1987. Ina zaton daga wannan zamanin rigar Yaya ta fito: wani yaro ya saya a wurin wasa, ya sa ta har ya gaji, ya jefa a akwatin sadaka, ta hau jirgin ruwa.

Akwai wani reshe na al'adar da zuciyata ba ta kwanta da shi kamar sauran ba, shi ne na ɗigo biyu. A Jamusanci ana ɗora ɗigo biyu a kan wasali don a sauya sautinsa, kuma sauyin yana sauya ma'ana. Mutter uwa ce guda, Mütter iyaye mata ne da yawa. Schon na nufin tuni, schön na nufin kyakkyawa. A farkon shekarun 1970 wata ƙungiya daga New York ta ɗora ɗigon a kan sunanta, Blue Öyster Cult, ba don sauti ba, don dai ya yi kama da wani abu na Jamus, mai duhu, mai kwarjini. Lemmy, wanda aka kora daga Hawkwind a 1975 ya kafa tasa ƙungiyar a Landan, ya ari dabarar. Bai ɓoye ba, ya ce ya sa ɗigon a Motörhead ne don sunan ya yi kama da abin tsoro, kuma ba ya son a sauya yadda ake faɗinsa. Aka haɗa da tsohon salon rubutun Jamus mai kusurwoyi, aka sami tambarin da har yau ake bugawa a riguna.

A 1981 a Los Angeles, Mötley Crüe suka sa har wuri biyu. Sun faɗa da bakinsu cewa daga kwalbar giyar Jamus da suke sha, Löwenbräu, suka kwafo, ba tare da sanin aikin ɗigon ba. Ranar da suka je wasa Jamus sai suka ji taron jama'a na kiran wani suna da ba su gane ba. Jamusawan sun karanta abin da aka rubuta ne, yadda harshensu ya koya musu. Queensrÿche, daga jihar Washington, suka ɗora nasu a kan y, suka shafe shekaru suna yi wa 'yan jarida bayanin yadda ake furta sunan. Ba makaɗa kaɗai ba ma: kamfanin askirim na Häagen-Dazs a unguwar Bronx ta New York aka ƙirƙiri sunansa a farkon shekarun 1960 don ya yi kama da na Denmark, alhali harshen Denmark ba shi da wannan harafi mai ɗigo biyu.

Dalilin da ya sa wannan ke min nauyi shi ne mu muna da namu alamomin, kuma mun san abin da suka ci kafin su samu. Lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita ce ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Tun shekarun 1930 da aka shigo da baƙaƙen nan masu ƙugiya cikin boko ake fama da na'urorin da ba su san da su ba. Na ga magatakarda ya gama buga wasiƙa a tafireta, ya zare takardar, ya ɗauki biro yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa kowace k da d da b ƙugiyarta da hannu, don kada a karanta masa “kasa” inda ya ce “ƙasa”. Da wayar hannu ta zo sai muka yi shekaru muna rubutu babu ƙugiya gaba ɗaya, har wasu yara suka tashi ba su san akwai ta ba. To wanda ya ga haka, idan ya ga an ɗebo alamar da ke ɗauke da ma'ana a harshen wasu an liƙa a goshi don ado, dole ya ji wani iri. Mai cire harafi daga lead da harshensa yake kokawa, kuma yana da wannan haƙƙi. Mai ɗora ɗigo biyu kuwa kayan maƙwabci ya ɗauka bai tambayi amfaninsa ba. Duk da haka ba zan musa ba, tambarin Motörhead idan ka cire ɗigon nan kamar ka cire wa zaki haƙori ne. Ido ya riga ya saba.

Turawan da kansu sun gane abin ya yi yawa. A 1984 Rob Reiner ya fitar da fim ɗin barkwanci a kan wata ƙungiyar ƙarfe da babu ita, Spinal Tap, aka ɗora ɗigo biyun a kan n, baƙi ba wasali ba. Amma fim ɗin bai tsayar da komai ba. Shekarun 1980 suka cika da Ratt da Stryper da Trixter da Enuff Z'Nuff, a Jamus kuma Helloween da Kreator, har ya zama kamar sai an karkatar da suna ake samun izinin hawa dandali. Yawancinsu babu wani labari a bayan harafin, kwaikwayo ne kawai.

Guda ɗaya na ware daga cikinsu. A watan Afrilun 1983 Metallica suka kori mai jitarsu Dave Mustaine a New York saboda shaye-shaye da rigima, suka sa shi a motar bas zuwa Los Angeles, tafiyar kwana huɗu. A cikin motar ya tsinci wata takardar siyasa ta Sanata Alan Cranston na California a kan makaman nukiliya, ya ga kalmar megadeath. Kalma ce ta masu tsara yaƙi a zamanin yaƙin cacar baka, ma'aunin mutuwar mutum miliyan ɗaya, yadda ake cewa buhu ko tan. Ya cire a, ya sa wa ƙungiyarsa Megadeth. Ni a ganina nan cire harafin ya yi aiki na gaske. Kalmar an ƙirƙire ta ne don manya su iya lissafa gawarwaki ba tare da gabansu ya faɗi ba, sai wani yaro mai fushi ya ɗauke ta daga takardar ofis ya rubuta ta da ƙarfe a inda miliyoyin matasa za su gan ta su tambayi ma'anarta.

Ba ina yabon rayuwar mutanen nan ba ne. Giya da ƙwaya sun cinye da yawa daga cikinsu, Bonham ma giya ce ta kashe shi a 1980, Led Zeppelin ta watse a kansa. Hannun da ya riƙe alƙalami nake kallo, da abin da ya sa ya karkata.

Ƙarni na gaba ya zo da nasa salon a shekarun 1990. Korn, samarin Bakersfield, suka ɗauki masara suka sa mata K, suka juya R baya kamar yadda yaro ɗan aji ɗaya ke yi, kuma mawaƙinsu Jonathan Davis da alli mai launi ya zana tambarin, da rubutu irin na ƙananan yara. Ya dace da abin da suke waƙa a kai, wato raunin ƙuruciya. Limp Bizkit da Staind da Puddle of Mudd suka biyo. Har zuwa nan mutum ne ke rubuta wa mutum: ga malami, ga iyaye, ga yaron da ke ɗaga faifai a kanti.

Inda abin ya juya shi ne Linkin Park. Sun so su ci sunan wani filin shaƙatawa a Santa Monica, Lincoln Park, wanda Chester Bennington ke wucewa ta gabansa. Da suka nemi adireshin intanet da wannan suna sai suka tarar ba za su same shi ba, sai suka sauya rubutun zuwa wanda babu mai shi. Faifansu na farko ya fito a 2000. A Glasgow kuma, a 2011, wasu mutum uku masu kiɗan na'ura suka so kiran kansu majami'u, amma sun san duk wanda ya nemi kalmar a intanet jerin coci-coci zai gani, sai suka sa v a gurbin u: Chvrches. Dabara ce mai kyau, ba na raina ta. Sai dai wanda ake yi wa rubutun ya sauya. A da ana karkatar da harafi ne don wani mai jan biro ya gani ransa ya ɓaci, ko don wani yaro ya gani ya ce waɗannan namu ne. Yanzu ana karkatar da shi don injin bincike ya ware ka daga cikin taro. Malamin da za a tsokana ma babu shi, tunda kowa a waya yana rubuta yadda ya ga dama. Namu yaran “slm” da “ykk” suke aiko mana, ba wanda ya ɗauke shi tawaye.

Rigar Yaya ta yi shekara uku ko huɗu a jikinsa, ta sauko gare ni, wuyanta ya saki, daga ƙarshe ta zama tsumman goge babur. Haruffan ne suka fi daɗewa, suna tsattsagewa amma ana iya karanta su ta cikin baƙin mai. Kwanakin baya ina son in ji wata waƙa daga Hysteria, sai na ɗauki waya, hannuna ya rubuta kalmomin biyu yadda Malam ya koya mana a bakin taga, deaf da a ɗinta, leopard da o ɗinta. Wayar ta kawo min hotunan dattawa biyar masu dogon gashi, a samansu kuma ta rubuta sunan da f ɗaya da p biyu, tana tambayata ko shi nake nufi.